Fiɗar Ƙashin Baya: Sauran Aiki Yana Wuyan Majiyyaci

Da wuya a sami gari ko ƙauye a ƙasar nan da za a rasa mai kukan ciwon kwankwaso. Manomin da ya wuni sunkuye a kan fartanya yana kuka da shi, haka ɗan dako, haka direban babbar mota mai tashi daga Kano zuwa Ikko, haka ma akawun da ya shafe shekaru a kan kujerar ofis, balle matan da ke daka da jan ruwa ga kuma goyo a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suka yi fama da wannan ciwo a duniya, ta kuma ce adadin zai iya kai miliyan 843 nan da shekarar 2050. A lissafin hukumar, babu wata larura da ta kai shi kassara mutane ta hana su aikin yau da kullum.

Galibin masu wannan ciwo sukan sami sauƙi cikin 'yan makonni ba tare da wuƙar likita ta taɓa su ba. Amma akwai kaɗan daga cikinsu waɗanda ciwon kan zarce wata uku, ya ƙi jin magani, ya ƙi jin gashi, har likita ya yanke shawarar yi musu fiɗa. Irin waɗannan akan tura su manyan asibitocin koyarwa, ko asibitocin ƙashi na tarayya kamar na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, da na Igbobi a Ikko, da na Inugu. Mutanenmu da yawa sun ɗauka cewa da zarar an fito da mutum daga ɗakin fiɗa an ɗinke shi, to, magana ta ƙare. Alhali kuwa aikin likita na 'yan sa'o'i ne, warkewa kuma ta watanni ce, kuma yawancin abin da zai sa aikin ya yi kyau ko ya lalace yana faruwa ne a gida, a hannun majiyyaci da iyalinsa.

Yadda Bayan Mutum Yake

Kafin mai karatu ya gane dalilin dokokin da ake gindaya wa wanda aka yi wa aiki, ya kamata ya san yadda ginin bayan yake. Ƙashin baya gaɓoɓi ne 33 a jere, ɗaya bisa ɗaya: bakwai a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke maƙale, biyar a kwankwaso, sa'an nan tara na ƙasa waɗanda yawancinsu suka haɗe da juna. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani faifai na guringuntsi, mai tauri daga waje, mai taushi daga ciki, wanda ke aiki kamar matashi domin kada ƙasusuwan su riƙa gogar juna. Ta tsakiyar waɗannan gaɓoɓi kuma akwai rami wanda laka ke bi ta cikinsa. Lakar kan ƙare ne a wajen gaɓa ta farko ko ta biyu ta kwankwaso, daga nan sai jijiyoyi su ci gaba da sauka a tattare kamar gashin wutsiyar doki, su ne ke kai saƙo zuwa ƙafafu da mafitsara da dubura.

Gaɓoɓin kwankwaso biyar ɗin nan su ke ɗauke da nauyin rabin jiki na sama, shi ya sa faya-fayan biyu na can ƙasa suka fi saurin lalacewa. Idan bangon faifai ya tsage, tsokar cikinsa ta bullo ta danne jijiya, sai mutum ya ji zafi ya taso daga ɗuwawu ya bi bayan cinya har zuwa tafin ƙafa, wani lokaci ƙafar ta sage ko ta rasa ƙarfi. A cikin tsofaffi kuwa, ramin da jijiyoyin ke bi ne kan ƙuntace saboda ƙashi da guringuntsi sun yi kauri, sai ka ga dattijo ba ya iya doguwar tafiya sai ya tsaya ya zauna ko ya ɗan sunkuya kafin ƙafafunsa su saki.

Aikin Iri-Iri Ne

Akwai manyan ayyuka uku da aka fi yi. Na farko shi ne cire ɓangaren faifan da ya bullo ya danne jijiya. Wasu likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, William Mixter da Joseph Barr, su ne suka bayyana wa duniya a 1934 cewa fashewar faifai ce ke jawo irin wannan ciwon ƙafa, kuma ana iya magance shi da fiɗa. Daga 1977 aka fara yin aikin da madubin likita mai ƙara girman abu, don haka tsagar da ake yi a yau ƙarama ce ƙwarai. Na biyu shi ne faɗaɗa ramin jijiyoyi ta hanyar rage ƙashin da ya matse su. Na uku, wanda ya fi duka nauyi, shi ne haɗe gaɓoɓi biyu ko fiye su zama ƙashi guda. Russell Hibbs da Fred Albee, likitoci a birnin Niyok, su suka fara shi a 1911, galibi domin masu tarin fuka na ƙashin baya, watau ciwon nan da ke cinye gaɓa ya bar mutum da doro. A yau akan ɗaure gaɓoɓin da kusoshi da sandunan ƙarfe, a zuba gutsattsarin ƙashi a tsakani domin su toho su haɗe.

Lalle ne majiyyaci ya tambayi likitansa wane iri aka yi masa daga cikin ukun nan, domin jiyyar kowanne daban take. Wanda aka cire wa ɗan faifai yakan bar asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda aka haɗe wa gaɓoɓi kuwa yakan yi kwanaki, kuma zai yi watanni yana lallaɓa bayansa.

Abin Da Wuƙa Ke Iyawa

Babban abin da ke karya zuciyar majiyyata bayan fiɗa shi ne tsammanin abin da aikin ba zai iya bayarwa ba. Binciken masana ya nuna cewa fiɗa ta fi iya kawar da zafin da ke sauka ƙafa fiye da ciwon da ke zaune a tsakiyar kwankwaso. A ƙasar Holan an yi wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2007, inda aka raba majiyyata 283 masu tsananin ciwon jijiyar ƙafa gida biyu: aka yi wa wasu aiki da wuri, aka ci gaba da yi wa sauran magani ana jira. Waɗanda aka yi wa aiki sun fi saurin samun sauƙi, amma bayan shekara guda kimanin kashi 95 cikin ɗari na kowane ɓangare sun ce sun warke, ko da yake wasu daga cikin masu jiran sai da aka yi musu aikin daga baya. A Ingila kuma, a 2005, an buga sakamakon wani gwaji a kan mutum 349 masu daɗaɗɗen ciwon kwankwaso, aka gwada haɗe gaɓoɓi da kuma tsararren horon motsa jiki, bayan shekara biyu aka tarar bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne.

Har ila yau, ba duk abin da hoto ya nuna ne ke zama sanadin ciwo ba. A 1994 wasu likitoci a Amurka sun ɗauki hoton bayan mutum 98 waɗanda ba su da ciwon baya ko kaɗan, da na'urar nan mai aiki da maganaɗisu da ake kira MRI, sai suka tarar kashi 52 cikin ɗari suna da faifan da ya ɗan kumbura, kashi 36 kacal ne faya-fayansu suke lafiya lau gaba ɗaya. Saboda haka wanda aka yi wa aiki ya ji ƙafarsa ta saki amma bayansa yana ɗan motsawa lokaci-lokaci, kada ya yanke hukunci cewa aikin bai yi ba, kada kuma ya shiga yawon neman wanda zai sake tsaga shi, domin kowace fiɗa tana barin tabo a kusa da jijiya, kuma ta biyu ta fi ta farko wuyar sha'ani. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Kwanakin Farko

A zamanin da, akan kwantar da mai ciwon baya makonni a kan gado, har ma a sa masa siminti a jiki. Likitoci sun daɗe da barin wannan hanya, domin an gano cewa doguwar kwanciya tana raunana naman jiki, tana cushe ciki, tana tara majina a huhu, kuma tana sa jini ya daskare a jijiyoyin sha-raɓa, wanda in gudansa ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kisa nan take. Don haka a yau akan tayar da majiyyaci ya taka ƙasa a ranar da aka yi aikin ko kashegari, ma'aikacin jiyya ko likitan gashi yana riƙe da shi. 'Yan'uwa da suka zo dubiya suka ga haka kada su ɗauka rashin tausayi ne, wannan takawar tana cikin maganin.

Tashi daga gado ma yana da ƙa'ida. Majiyyaci zai tanƙwashe gwiwoyinsa, ya mirgina gefe guda gaba ɗayansa kamar gungume, kafaɗa da ƙugu su juya tare, sa'an nan ya sauko da ƙafafunsa ƙasa yana tura jikinsa sama da hannu. Ba a so ya yunƙuro kai tsaye daga rigingine, ba a kuma so wani ya kama hannuwansa ya fizgo shi. Akan cire zaren ɗinki bayan kwana goma zuwa mako biyu, kafin nan dole a bar wurin a bushe, a kuma tsabtace.

Komawa Gida

A nan ne gwajin gaskiya yake, domin gidajenmu da sana'o'inmu duk na sunkuyo ne. Dokokin da aka fi bai wa majiyyaci na makonni shida na farko uku ne: kada ya sunkuya daga ƙugu, kada ya murɗa jiki, kada ya ɗaga abin da ya wuce kimanin kilo huɗu ko biyar. Mai karatu ya auna wannan da rayuwar yau da kullum. Bokitin ruwa mai cin lita 20 nauyinsa kilo 20 ne, jarka mai lita 25 kilo 25 ce, buhun siminti kilo 50, yaron goye ɗan shekara guda kuwa yakan kusa kilo goma. Ke nan mace da aka yi wa wannan aiki ba ta da halin goyo, ko daka, ko jan guga, ko shara da gajeriyar tsintsiya, ko wanki a tsugune, har sai likita ya ba ta izini. Wajibi ne maigida da dangi su tanadi wanda zai ɗauke mata waɗannan ayyuka tun kafin a sallamo ta, domin mace da yawa kunya da ganin aiki ya taru kan sa su karya doka tun a mako na biyu.

Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya auna matsin da ke kan faifan baya a jikin mutane masu rai cikin shekarun 1960, ya tarar cewa zama a sunkuye ya fi tsayuwa matsa wa faifai, kuma ɗaga kaya a sunkuye ya fi duka. Wannan ne dalilin da ya sa ake son majiyyaci ya zauna a kujera mai ɗan tsayi mai majingina, ya tashi ya ɗan zaga bayan kowane rabin sa'a. Kwanciya a tabarma ko katifa a ƙasa tana sa tashi ya yi wuya, gara a samar masa gado mai tsayin gwiwa da katifar da ba ta lotsawa. Masai na tsuguno shi ma matsala ne, ana iya sa kafinta ya yi kujera mai rami a ɗora a kai. Game da ibada kuwa, malamai sun yi bayani cewa marar lafiya yana iya yin sallarsa a zaune, ko ma a kwance da ishara, saboda haka babu dalilin da zai sa ya tilasta wa kansa ruku'u da sujada alhali ɗinki bai kama ba.

Hawan babur ko keke mai ƙafa uku a kan hanya mai ramuka yana daga cikin abubuwan da suka fi cutar da sabon aiki. Wanda ya zo asibiti daga nesa ya nemi mota mai kujerar da za a iya kwantarwa, a riƙa tsayawa a hanya yana saukowa yana miƙe ƙafa. Tuƙi kuwa sai bayan 'yan makonni, idan ya daina shan magani mai sa barci, kuma ƙafarsa na iya taka birki da ƙarfi ba tare da jinkiri ba.

Tafiya Ita Ce Magani

Duk da waɗannan hane-hane, ba a son majiyyaci ya koma ɗaki ya kwanta ana kawo masa abinci ana kwashe kwano. Babban maganinsa a wannan lokaci shi ne tafiya a ƙasa. Ya fara da minti biyar ko goma a tsakar gida sau uku ko huɗu a rana, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako, har ya kai yana yin rabin sa'a ko fiye a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Bayan mako huɗu zuwa shida akan tura shi wurin likitan gashi domin a koya masa atisayen ƙarfafa naman ciki da na baya da na ɗuwawu, waɗanda su ne ɗamarar da ke riƙe da kwankwaso. Bel ɗin baya da akan ba wasu na ɗan lokaci ne, wanda ya mai da shi tufafin kullum naman bayansa zai yi laushi.

Mai aikin ofis da aka cire wa faifai yakan koma aiki cikin mako biyu zuwa shida, mai aikin ƙarfi kuwa sai wajen wata uku. Wanda aka haɗe wa gaɓoɓi ya sani cewa kusoshin ƙarfen nan tallafi ne kawai, kamar katakon da magini ke tokare ginin da bai bushe ba. Ƙashin da aka dasa yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya kama, kuma yakan kai shekara kafin ya yi ƙwari sosai. In ƙashin bai haɗe ba, ƙarfen yana iya sassautawa ko ya karye. Babban abokin gaban wannan haɗuwa shi ne taba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1986 a kan mutum 100 da aka yi wa irin wannan aiki ya nuna cewa ƙashin bai haɗe ba a kashi 40 cikin ɗari na masu shan taba, alhali a cikin waɗanda ba sa sha kashi takwas ne kacal. Mai ciwon sukari shi ma dole ya tsare sukarinsa, domin hawansa yana hana miki warkewa. Abinci mai gina jiki kamar wake da ƙwai da kifi da nono yana taimakawa, ganye da isasshen ruwa kuma suna hana taurin bayan gida, wanda yunƙurinsa kan tayar da ciwo.

Jijiyar da ta daɗe a danne ba ta farfaɗowa dare ɗaya. Zafi ne kan fara tafiya, sa'an nan ƙarfi ya dawo, sagewar fata ce ke zama ta ƙarshe, takan yi watanni, wani lokaci ma ɗan ɓurɓushinta ya zauna har abada. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Hattara Da Magunguna

Magungunan kashe zafi masu ƙarfi, irin su tramadol, an yi su ne domin 'yan kwanaki ko makonni bayan fiɗa, a bisa ƙa'idar da likita ya rubuta. Kowa ya ga irin ɓarnar da wannan ƙwaya ta yi wa matasan ƙasar nan, kuma mai ciwon baya da ya ci gaba da sayenta a kemis bayan an sallame shi yana iya wayar gari ya kamu da ita bai sani ba. Su ma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, likitoci da yawa kan hana wanda aka haɗe wa gaɓoɓi shan su a watannin farko saboda tsoron kada su jinkirta haɗuwar ƙashi, ga shi kuma yawan shan su yana ƙona ciki yana taɓa ƙoda. Masu zuwa dubiya kuma kowa da maganin da zai kawo. Maɗori da wanzami suna da matsayinsu a cikin al'umma, amma bayan da aka tsaga aka sa wa ƙarfe ba wurin ƙaho ba ne, ko tsaga, ko murza, ko shafa saiwa a kan miki.

Akwai alamomin da in an gan su ba a jiran ranar da likita ya sa a koma. Zazzaɓi tare da kumburi ko ja ko mugunya a bakin ɗinki alama ce ta shigar ƙwayoyin cuta. Ruwa garai-garai mai tsiyaya daga mikin, tare da ciwon kai mai tsananta in an miƙe tsaye, yana nuna ruwan laka ne ke yoyo. Kumburin sha-raɓa guda mai zafi, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, alama ce ta daskararren jini. Mafi gaggawa duka shi ne mutum ya kasa yin fitsari, ko fitsari da bayan gida su riƙa zubo masa bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa ta rasa ƙarfi farat ɗaya. Wannan yana nufin an danne jijiyoyin nan masu kama da wutsiyar doki, kuma jinkirin kwana ɗaya yana iya barin mutum da naƙasa ta dindindin. A kai shi asibiti ko da tsakar dare ne.

Darasi Daga Wasu Mutum Biyu

Tarihin tsohon shugaban Amurka, John Kennedy, ya isa misali. Sau huɗu aka yi masa aiki a baya tsakanin 1944 da 1957. A aikin 1954, lokacin yana ɗan majalisar dattawa, ƙwayoyin cuta sun shige shi har aka fid da rai da shi, kuma a 1955 sai da aka cire ƙarfen da aka sa masa. Duk da haka ciwon bai rabu da shi ba. Sauƙin da ya samu na sosai ya zo ne daga ƙarshen 1961, sa'ad da wani likita mai suna Hans Kraus ya ɗora shi a kan atisayen ƙarfafa naman ciki da na baya a kai a kai. Shi kuwa shahararren ɗan wasan golf ɗin nan, Tiger Woods, an yi masa aiki a 2014, aka sake yi sau biyu a 2015, sa'an nan a watan Afrilu na 2017 aka haɗe masa gaɓoɓin can ƙasan kwankwaso. Ya shafe fiye da wata bakwai bai shiga gasa ba yana horar da jikinsa mataki-mataki, kuma a watan Afrilu na 2019 ya ci babbar gasar Masters. Amma a watan Disamba na 2020 sai da aka sake yi masa wani aiki, abin da ke nuna cewa bayan da aka taɓa tsagawa yana bukatar kulawa muddin rai.

Waɗannan mutane biyu suna da dukiya da manyan likitoci a hannunsu, duk da haka babu wanda ya tsere wa haƙuri da motsa jiki a cikinsu. Saboda haka muna kira ga duk wanda aka sa wa ranar wannan aiki da ya zauna da likitansa tun da wuri, ya tambaye shi wane ciwo ne aikin zai kawar, wanne ne zai iya saura, da kuma yaushe zai koma sana'arsa. Ya ware kuɗin gashi da na komawa asibiti a cikin lissafinsa, kada kuɗin fiɗa ya cinye duka. Muna kuma kira ga hukumomin lafiya na jihohi da su ƙarfafa sassan gashi a manyan asibitocinsu, domin mutumin da aka yi wa aiki a birni ya koma ƙauyensu ya sami wanda zai duba shi a kusa. Iyali kuwa su ɗauke masa kaya mai nauyi, amma su bar shi ya yi tafiyarsa da ƙafafunsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.